Darasin iskar metan ta ƙasan tekun Aktik: yadda ya kasance a azuzuwanmu

Malamin kimiyya, babbar sakandare:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Ina neman gogewar waɗanda suka koyar da binciken iskar metan (wata iskar gas mai kama wuta) da ke ɓulɓulowa daga ƙasan tekunan ƙanƙara. Da na nuna wa ɗalibaina bidiyon ƙanƙarar metan tana ci da wuta, ajin ya ruɗe da mamaki, amma yawancinsu sun tashi da tunanin cewa teku yana dab da fashewa. Yaya kuka bi da wannan?

Malamar kemistiri:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni da matsi nake farawa. Nakan buɗe kwalbar lemo mai gas a gabansu, su ga yadda kumfa ke tasowa da zarar matsi ya ragu, sannan in bayyana musu cewa a ƙasan teku, inda sanyi da nauyin ruwa suka haɗu, ƙwayoyin ruwa kan daskare su kulle metan a cikinsu. Abin da ya fi kama hankalinsu shi ne lissafin da suka yi da hannunsu: kubik mita ɗaya (mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi) ta wannan ƙanƙara tana sakin kimanin kubik mita 160 na iska idan ta narke.

Malamin labarin ƙasa:
Na gode, Malama. A nawa ajin taswira ce ta yi aikin. Na sa ɗalibai sun nemo tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, inda a 2008 masu bincike a jirgin ruwa na James Clark Ross suka gano ginshiƙan kumfa fiye da 250 suna tashi daga ƙasan teku, ta hanyar na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa. Daga nan muka koma gaɓar gabashin Saiberiya, wadda Natalia Shakhova da Igor Semiletov suka daɗe suna nazari, kuma zurfin ruwanta bai wuce kimanin mita 50 ba a matsakaici. Da na tambaye su a ina iskar za ta fi saurin isa sararin sama, su da kansu suka gano cewa zurfin ruwa ne ke yanke hukunci, kuma wannan ya fi mini duk wani bayanin da zan rubuta a allo.

Malamar bayoloji:
Game da tsoron da Malam ya ambata, ina ganin haƙƙi ne a kanmu mu faɗa wa yara gaskiya ta ɓangarori biyu. Metan yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon da kusan ninki 80 a cikin shekara 20, amma ƙananan halittu da ke cikin laka da ruwa suna cinye mafi yawan abin da ke fitowa daga wurare masu zurfi kafin ya kai saman teku. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko waɗannan halittu suna nan a shirye kullum, sai na ba ta labarin maɓulɓular metan da aka gano a 2011 a Tekun Ross na Antaktika, inda suka ɗauki shekaru kafin su yawaita, kuma ko da suka yawaita wani kaso na iskar ya ci gaba da kuɓuce musu.

Malamin kimiyya, babbar sakandare:
Allah ya saka muku da alheri. Zan sake tsara darasin in fara da kwalba da taswira, bidiyon wutar kuma ya zo bayan sun yi lissafin.