Waɗanda suka taɓa kasa kaya a bikin "zamanin da" na Turawa, ku zo mu ji

Baduku a Ingila:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗan taɓa dukanci in na taso daga aiki: zabira, kube, ɗamara, ƙananan jakunkuna. Wani abokin aikina ya ce in nemi rumfa a bikin Tewkesbury na watan Yuli, inda ake kwaikwayon yaƙin da aka gwabza a garin a 1471 tsakanin gidan sarautar York da na Lancaster. Ya ce jama'a kan cika filin maƙil, ga masu sulke ga maharba. Kafin in zuba kuɗina, wa ya taɓa yi? Ana ciniki kuwa, ko kallo kawai ake zuwa?

Ɗan Majema, Jamus:
Wa alaikumus salam. Ana ciniki, ƙanena, amma sai ka bi ka'idarsu. A irin waɗannan kasuwanni nan Jamus, kafin a ba ka wuri sai ka tura hoton rumfarka da kayanka da tufafin da za ka sa. Tantin leda ba ya shiga. Na zane mai kauri ake so, da turaku na itace, teburi ma a lulluɓe shi har ƙasa. Jaka mai zik ko maɓallin roba, bar ta a gida. Na'urar cirar kuɗi da kati kuwa kowa na da ita, a ƙarƙashin ƙyalle ake ɓoye ta sai an zo biya.

Abin da ya fi ja mini mutane shi ne aiki a gabansu. In na jera kaya na zauna ina jira, sai su leƙa su wuce. Da na ɗauki basilla na fara huda fata ina jan zare, sai ka ga an yi cincirindo, yara a gaba. Wani ya ɗauki zabira ya kai hanci, ya tambaya warin me ne wannan. In ce masa bagaruwa ce, in zaro kwanson daga ƙoƙo in miƙa masa, in nuna masa karan dafin da ake rina jan da shi. Wanda ya tsaya har nan, da wuya ya tafi hannu rabbana. Kuma ƙananan kaya ne ke biyan kuɗin rumfa. Babbar gafaka mai ado kowa zai yaba, sai ta koma gida tare da kai.

'Yar Damagaram, Faransa:
Gaskiyar Yaya ce. Ni zane nake kaiwa, saƙi da rinin baba. Mu nan babban bikin shi ne na Provins a watan Yuni, garin da ya yi suna da kasuwanninsa tun ƙarni na 12 da na 13. Abin da ya ba ni dariya, na yi ta tunanin kayan da zan sa, ashe matan wancan zamanin ma lulluɓe kai suke yi. Doguwar riga marar ado da farin mayafi, shi ke nan na saje.

Abu biyu. Baba yana zuba, don haka ku faɗa wa mai saye tun kafin ya biya, kada ya goga a farar rigarsa ya dawo da faɗa. Sannan ba sa tayi. Ka faɗi kuɗi, ko ya biya ko ya ce ya gode ya wuce, ba ka da damar cewa albarka. Saboda haka kada ka ɗora da niyyar za a rage.

Baduku a Ingila:
Madalla. Ni da na yi niyyar rubuta allo in ce fatar da Turawa ke kira ta Maroko ai tamu ce, da ita jarumawansu suka yi ado.

Malamin makaranta:
A'a Malam, sassauta. Rabin maganar gaskiya ne: fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme a ƙasar Hausa, ta bi ayari ta ƙetare Sahara, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko, suna yi wa littattafai bango da ita. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe, da ya shiga Kano a 1851 ya ga yadda takalma da jemammiyar fata ke fita zuwa arewa. Amma ka ce sojan 1471 da ita ya yi ɗamara, wannan sai da hujja. Masu kwaikwayon nan wasunsu sun ƙure karatu a kan ɗinkin takalmi kaɗai. Za su tsare ka da tambaya a gaban masu saye. Faɗi iya abin da ya tabbata, ya ishe ka talla.

Direba a Amurka:
Bari in kawo nawa, kada a ji zaƙi kawai. Na nan sun bambanta, biki ɗaya kan ɗauki ƙarshen mako da yawa a jere, kamar na Texas da na Maryland, kuma shagali ya fi tarihi yawa. Wani ƙarami na je, ba zan faɗi suna ba. An ce kayan hannu zalla, sai ga maƙwabcina da jakunkunan kamfani, ya yanke takardar jiki, yana sayarwa rabin kuɗina. Na yi magana, aka ce za a duba. Ɗaya gefen kuma mai giya ne da gasasshen alade, hayaƙin duk a kaina. Da na cire kuɗin rumfa da mai da wurin kwana, uwar kuɗi ce kawai ta dawo. Ka roƙi taswirar filin tun wuri, ka ga su wa za a haɗa ka da su.

Hajiya mai turare:
Ɗana, ƙari kaɗan. A Ingila za su nemi takardar inshora kafin su ba ka wuri. Kada kuma a aiko maka da kayan fatar mesa ko kada ko guza daga gida, suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, in ba takardar izini kwastan za su riƙe. Ka tanadi akwati mai murfi, ruwan Yuli ba ya sallama, fata kuwa in ta sha danshi sai fumfuna.

Baduku a Ingila:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Saura ɗaya: sallah fa, wa ke tsare rumfa?

Ɗan Majema, Jamus:
Tafi da mutum. In babu, maƙwabci zai duba maka, kai ma ka duba masa in zai zaga. Bayan tanti akwai wuri, shimfiɗa buzunka a nan.