Fasa-ƙwauri ko sutura? Abin da ya gudana a zauren masu kwamfuta na Kano

Mai buɗe zance: Salamu alaikum. Wata huɗu na shafe ina haɗa manhajar da za ta cusa zirga-zirgar Tor, wato tsarin da ke ɓoye sawun mai shiga intanet, cikin saƙonnin hira na tsarin XMPP, wanda a kansa aka fara gina WhatsApp, domin mai sa ido a kan layi ya ɗauka mutum biyu ne kawai ke gaisawa. Jiya wani malami ya leƙa aikin, ya ce fasa-ƙwauri nake koyo. Ni kuwa na ce aikina ya fi VPN ɗin da kowa ya ruga ya sauke lokacin da aka rufe Twitter a 2021.

Mai gyaran waya, Farm Centre: Ƙanena, malaminka bai yi ƙarya ba. Wanda ya shimfiɗa buhunan gero a kan shinkafa don ya wuce shinge, me sunansa?

Malama daga Gwale: Alhaji, a tauna magana. Mai fasa-ƙwauri haraji yake gudu, wannan yaro kuwa sirrin mutane yake suturtawa, kuma sutura ba laifi ba ce.

Mai gyaran waya: Hajiya, ɓarawo ma yana sa riga.

Injiniya daga Zoo Road: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Tun 2012 masu bincike a jami'ar Waterloo ta Kanada suka fitar da SkypeMorph, mai ɓoye zirga-zirgar Tor ta hanyar kwaikwayon kiran bidiyo na manhajar Skype, amma a 2013 wasu a jami'ar Texas suka nuna cewa mai kwaikwayo yana tona kansa, domin ba ya amsa duk abin da manhajar asali ke amsawa. Hira ƙananan saƙonni ce jefi-jefi, to ta yaya za ta ɗauki nauyin shafin intanet ba tare da an lura ba? Shi ya sa Snowflake, wata hanyar ɓoye zirga-zirgar Tor, ke bi ta ainihin WebRTC, fasahar kiran murya da bidiyo ta intanet.

Mai gyaran waya: Ga 'yan boko nan da sunaye. Ku da ba ku iya canza gilashin waya ba!

Malama: Alhaji, kai ma a 2021 kuɗi ka riƙa karɓa kana sa wa mutane VPN, a lokacin me ka kira sana'ar taka?

Mai gyaran waya: Wannan taimakon jama'a ne, kuma ina da shaidu.

Mai buɗe zance: Yayyena, har yanzu ba wanda ya duba manhajar.

Shugaban zaure: An rufe zancen. A taƙaice, mafi yawan masu magana sun yarda cewa kalmar fasa-ƙwauri ta dace, kuma Alhaji, wanda muka yi shekara goma muna maƙwabtaka a kasuwa, ya kawo hujjoji masu ƙarfi. Bayanin Injiniya ya yi tsawo, na goge ragowarsa.