Rufin soro ko baje kolin Sallah: yaya zan yi da kwamitinmu?

Mai Kula da Gidan Tarihi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gidan tarihi, ko suka taɓa zama a kwamitin wata hukuma.

Ni ne mai kula da ɗan gidan tarihin garinmu. Ƙaramar hukuma ke biyan albashinmu, masarauta kuma ita ta ba da ginin da yawancin kayan. Tsohon gidan hakimi ne, ginin ƙasa, zaure da soraye uku, rufin azara. Muna da sulke biyu, lifidi ɗaya da audugarsa ta fara leƙowa, takubba, masu, tambura, kakaki, rigunan saƙi da na tsamiya, akusa, sai akwati biyu na takardun ajami da wasiƙun da sarakuna suka riƙa aiko wa hakimai, wasu har yanzu da hatiminsu.

Akwai kwamiti a kanmu. Wakilin masarauta ne shugaba, sai kansilan ilimi, ma'ajin ƙaramar hukuma, wani attajiri, wani tsohon shugaban makaranta, liman, da wakiliyar mata. Bana an sako mana naira miliyan uku, abin da ban taɓa gani ba tun da na kama aiki. Kwamiti yana so a yi baje koli na musamman a makon Babbar Sallah: fenti, fitilu, akwatunan gilashi, babban allo a bakin titi, a gayyato kwamishina ya buɗe. Hujjarsu ita ce in manya ba su zo sun gani da idonsu ba, ba za a ƙara ba mu ko sisi ba.

Ni kuwa abin da ke hana ni barci soron tsakiya ne. Indararo biyu sun karye, ruwa bango yake bi. A tsakiyar damina in ka danna kusurwar gabas, ƙasar biyo yatsanka take yi. Gara ta hau, ga hanyarta nan baro-baro a jikin azara ta uku daga ƙofa. Sallar kuma a bakin damina za ta faɗo. Wani a kwamitin ya ce a shafe bangon da siminti kowa ya huta.

Sannan ba mu da rajistar kirki. Wani tsohon littafin makaranta ne kawai, an rubuta "takobi ɗaya", a ƙasa kuma "takobi ɗaya", ba hoto, ba sunan wanda ya kawo. Ga wasu 'yan gida sun zo suna cewa takobin kakansu aro aka ba da, suna son abinsu.

Shugaban kwamitin sa'an mahaifina ne, ba zan iya ja da shi a gaban mutane ba. Ta ina zan ɓullo?

Tsohon Ma'aikacin Gidan Tarihi:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka jagora. Na yi wannan aiki har na ajiye, bari in gaya maka abin da na sani.

Kada ka yarda a sa siminti. Bangon ƙasa yana shan raɓa yana fitar da ita. In aka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ya sami tsaga ya shiga ba shi da mafita, sai ya zauna yana cin bangon daga ciki, waje kuwa sumul. Ranar da za ka sani, ranar ce ɓangare guda zai ɓalle ya zube. Nemo Sarkin Magina na garinku, ko tsofaffin da suka yi aiki da shi. Su suka san yaɓen makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Da hannun irin waɗannan mutane Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A Jos ma, kusa da gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, an keɓe fili guda an gina kwafin wannan masallaci da ganuwar Kano don kada fasahar ta ɓace. Ginin ƙasa kowace shekara yake son a duba shi kafin ruwa ya sauka. Azarar da gara ta ci a cire ta, a bi hanyar garar har inda ta fito a ƙasa. Akwatunan takardun nan kuma yau ɗin nan ka ɗaga su daga ƙasa, ka janye su daga jikin bango.

Rajista kuwa ba ta cin kuɗi, lokaci take ci. Kowane abu ka ba shi lamba, ka ɗaura masa ita da zare a 'yar takarda, ban da fenti ko biro a jikinsa. Ka ɗauke shi hoto da wayarka gaba da baya, da abin awo a gefensa. Ka rubuta tsawonsa, da abin da aka yi shi da shi, da duk wani tabo, tsaga ko rubutu da ya bambanta shi da ɗan'uwansa. Wannan shi ne tsarin Object ID da aka fitar a 1997, da shi 'yan sandan duniya ke neman kayan da aka sace. Kada ka ce wa zai saci kayan ƙaramin gari. A shekarar 2000 da majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ɓarayi suka fi wawura, gumakan yumɓu na Nok da na Sakkwato da Katsina suna ciki. Abin da ba a rubuta ba, in ya fita, ba ka da bakin cewa naka ne. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a fada. Kuma ka rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta 77 ta 1979 ta kafa, ta ofishinta mafi kusa da ku, ka roƙi a turo mai duba kaya. Takardar da zai rubuta za ta fi maganarka nauyi a gaban kwamiti.

Maganar shugaba kuma, kana da gaskiya, ba a ɗakin taro ake gyara ta ba. Ka je gaishe shi a gida, ka roƙe shi ya zo ya sa albarka a kayan kakanninsa. In ya zo, ka shigar da shi soron tsakiya, ka nuna masa azarar. Ka bari maganar gyara ta fito daga bakinsa.

Ma'aji Mai Ritaya:

Malam, kafin komai je ka karanta takardar da aka sako kuɗin da ita. A ƙarƙashin wane kai aka rubuta su? In an ce gyaran gini, to kashe su a kan buki da allon titi laifi ne da mai binciken kuɗi zai tambaya, kuma wanda ya sa hannu a bauca shi zai amsa, ba wanda ya kawo shawara a taro ba. Kuɗin ayyuka daban, na yau da kullum daban, ba a juya wannan zuwa wancan sai da izini a rubuce. Ma'ajinku ya san haka sarai. Ka same shi a ofis shi kaɗai, za ka ga ya zama naka.

Duk abin da aka yanke a taro a rubuta shi, shugaba ya sa hannu. Damuwarka kan rufin ma ka miƙa ta a rubuce cikin ladabi, ka riƙe kwafi. In ana maganar fenti da gilashi, ka nemi farashi daga mutum uku, kuma kada ɗan kwamiti ko ɗansa ya karɓi kwangilar. Kuɗin shiga na ƙofa a yanka rasit, ko na ɗalibi ne. Sannan tun yanzu ka fara neman a sa muku layin yaɓen shekara a kasafin baɗi cikin kuɗin yau da kullum, domin miliyan ukun nan ba lallai ta sake dawowa ba.

Malamar Firamare:

Ƙanena, ni kam ban yarda a mai da 'yan kwamitin nan kamar marasa tunani ba. Akwai gaskiya a bakinsu. Gidan da ba mai shiga, ko rufinsa ya fi na kowa kyau, ranar rabon kasafi ba wanda zai tuna da shi.

Ina kai ɗalibaina irin waɗannan wurare, kuma abin da ke ɓata mini rai bai da alaƙa da fenti. Za ka ga yaro ɗan aji biyar ya tsaya gaban sulke, ido ya buɗe, yana son ya san wa ya sa shi, nauyinsa nawa, doki yana iya gudu da mutum a ciki? Sai ya tarar da 'yar takarda ta dusashe, da Turanci, kalma biyu. Ba mai ba shi amsa. Ya juya ya koma wasa. Ku rubuta bayani da Hausa, boko da ajami, manyan baƙaƙe, a daidai idon yaro. Wasiƙun hakiman nan, ku ɗauki hoton uku ko huɗu ku buga su da girma, liman ya karanta, a rubuta ma'anarsu a ƙasa. Mutumin da ya ga sunan ƙauyensu a wasiƙar sarki gobe zai dawo da 'ya'yansa. Nawa wannan zai ci?

Kuma a duk abin da ka lissafa ban ji kayan mata ba. Ina mazari da abawa, ina taskira, ina ƙoren jere, ina dutsen niƙa? Wakiliyar matan da ke kwamitinku ka ba ta wannan aiki, ta shiga gidaje. Tsofaffi suna da su a ƙarƙashin gado, jikoki na zubarwa.

Dubi Argungu. Gidan tarihin Kanta tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, baƙin da bikin kamun kifi ke jawowa suna biyawa ta can. Ku hawan Sallah ne lokacinku. In kuka bar shi ya wuce ƙofarku a rufe, sai wata shekara.

Ɗan Damagaram:

Barkanku da war haka. Mu nan Nijar, gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ba kayan da ke cikin gilashi kaɗai ke jawo jama'a ba. Akwai namun daji da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, amma kuma akwai masu sana'a zaune suna aiki: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa. Kana kallo ana yi, in ka so ka saya. In kuna da fili a harabar, ku ba dukawa da masaƙa rumfa su riƙa biyan ɗan abu kowane wata. Gidan zai yi motsi kullum, kuma ga kuɗin tsintsiya da maganin gara.

Tsohon Ma'aikacin Gidan Tarihi:

Malama ta faɗi gaskiya, na karɓa. Sai dai hoto za a kafa, ainihin wasiƙun su zauna a akwati. Rigunan rini ma kada a haska musu fitila mai zafi ko a rataye su inda rana ke bugawa, shuni kan koɗe, kuma ba ya dawowa. Shawarar ɗan'uwanmu na Damagaram tana da kyau, amma ban da maƙera a kusa da rufin azara da lifidin auduga.

Mai Kula da Gidan Tarihi:

Baba, Malama, Alhaji ma'aji, da ɗan'uwa na Damagaram, Allah ya saka da alheri.

Takardar kuɗin cewa ta yi "gyara da inganta gidan tarihi". Ma'ajinmu ya ce gyara ne a gaba, haka zai faɗa in an tambaye shi. Na je gaishe da shugaba bayan la'asar, ya kuwa zo ranar Asabar. Na riga na kira Sarkin Magina. Tsohon ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa azarar nan, sai gari ya zubo a kan hular shugaba. Shugaba ya cire hular ya duba, ya tambayi magini kwana nawa aikin zai ci. A nan ne ma ya gaya mana a wannan soron aka yi wa mahaifinsa naɗi.

An yi taro. Za a fara da rufin soron tsakiya da indararo, da yaɓen bangon gabas, ba siminti. Abin da ya rage za a yi bayanan Hausa da hotunan wasiƙu, a buɗe zaure da soro ɗaya a makon Sallah. An bar maganar gilashi. Allon titi kuwa attajirin ya ce shi zai yi daga aljihunsa. Kansila bai ji daɗi ba, yana ganin abin bai kai a gayyato kwamishina ba, kuma na fahimce shi, domin shi zai tsaya ya kare kasafinmu a majalisa. Hajiya wakiliyar mata ta riga ta kawo mazari biyu da taskira. Rajista na fara ta daga takubba.

Saura masu takobi. Sun ce ba sayarwa za su yi ba, babbansu ne ke son ya rataya shi a hawan Sallah kamar yadda kakansu ya saba. Maigadinmu, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya shaida cewa daga gidansu aka kawo shi. Baba, in ba su?

Tsohon Ma'aikacin Gidan Tarihi:

Ba kai za ka ba su ba, ɗana, kwamiti ne, kuma a rubuce. In shaidar maigadi ta tabbata a gaban wakilin masarauta, takobi nasu ne, kada a ja. Amma ku roƙe su su bar shi a wurinku a matsayin ajiya, da takarda kwafi biyu: sunan gidansu, lambar takobin, hotonsa, da sharaɗin cewa duk Sallah za su karɓa ranar jajibere su dawo da shi bayan an sauka daga hawa. Ku rubuta sunan kakan nasu a bayanin da ke jikinsa, da sarautar da ya riƙe. Kafin ya fita ka auna shi da kubensa, ka ɗauki hoton ƙotar da bakin, babban nasu ya sa hannu a littafi. Da zarar labari ya bazu wasu gidajen ma za su zo, don haka ka buga takardar da yawa tun yanzu.