Wuƙar daji mai tsada: ƙarfe ake saya ko suna?

Mafarauci: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa har yanzu ina kan bakana, duk wuƙar daji da ta haura dala 50 ba ƙarfe ka saya ba, suna ka saya. Yau shekara goma sha kenan ina da wata da maƙeri ya ƙera min da sifirin mota, da ita nake fiɗa da ita nake fere turaku, in ta dakushe na goga a dutse ta dawo, toh me wuƙar dala 200 za ta yi da tawa ba ta yi ba?

Mai Tara Wuƙa: Wa'alaikumus salam Baba. Ka yi haƙuri amma ka haɗa abu biyu waje ɗaya. Akwai mai saye don aiki akwai mai saye don ajiya. Kamfanin wuƙa na Randall da ke Orlando a jihar Florida ta Amurka tun 1938 suke ƙira da hannu, in ka ba da oda yau sai ka yi jiran shekaru kafin ta iso, kuma wuƙarsu ɗan sama jannati Gordon Cooper ya tafi da ita sararin samaniya a 1963. Wanda ya biya ɗaruruwan daloli a kanta tarihi ya saya da aikin hannu.

Mafarauci: Ai ka faɗa da bakinka ɗana. Suna ne. Ni maganar wuƙar da za ta fitar da mutum kunya a daji nake.

Ɗan Maƙera: Baba bari in sa baki don a gindin zuga-zugi na tashi. Sifirin mota ƙarfe ne mai kyau ba musu, ko maƙeran Nepal da shi suke ƙera wuƙarsu ta gargajiya, kukuri. Amma wlh ƙarfen ba shi ne komai ba, gashi da tsomawa su ne wuƙa. Mu da ido muke auna wuta, ka duba launin ƙarfen ka ce ya isa ka tsoma a mai ko ruwa, in wuta ta yi yawa bakin ya riƙa ɓantarewa kamar kwalba, in ta yi kaɗan kana yanka bakin na lanƙwashewa, shi ya sa maƙeri ɗaya zai yi wuƙa goma daga sifiri ɗaya wasu su fito tsaf wasu kuma sai a hankali. Taka ta fito da kyau ne saboda ka dace da gwani kuma a ranar hannunsa ya zauna. Kamfani kuwa tanda gare su mai ma'aunin zafi, ta farko da ta dubu duk taurinsu ɗaya. Wannan ɗin ba suna ba ne, kuma kuɗi yake ci.

Direban Tirela: Gaskiya ne wannan. Amma ai daidaiton nan ba sai da tsada ba. Morakniv Companion ta garin Mora a Suwidin ko dala 25 ba ta kai ba a can, kuma kaifinta daga kwali sai ka aske gashin hannu. Tawa na cikin mota shekara uku, igiya, roba, nama, rake, duk ita.

Mai Tara Wuƙa: Mora ai ƙarfenta bai zarce har ƙarshen ƙota ba oga. Ɗora ta a kan kututture ka riƙa dukan bayanta da itace kullum don tsaga ice ka ga inda za ta kai.

Direban Tirela: Toh wuƙar KA-BAR da kuke yabo fa? Tun 1942 sojan ruwan Amurka ke riƙe ta, amma ita ma wutsiyar da ta shiga ƙota siririya ce da zoben fata aka jera a kai, in ka matsa mata da duka a nan wuyan take lanƙwashewa, ga ta ta ninka Mora kuɗi sau nawa. Kuma wa ya ce a tsaga ice da wuƙa ga adda ga gatari?

Ɗan Maƙera: Wanda ya ɓata a daji ba lallai yana da gatari ba yallaɓai, shi ya sa ake son ƙarfe ɗaya tun daga tsini har gindin ƙota. Kamfanin ESEE haka suke yi da wani ƙarfe da ake kira 1095, in ta karye kuma su canza maka wata. Sai dai tana tsatsa in ba ka shafa mai, kamar dai tamu ta gida. Wuƙar Fällkniven F1 da matuƙan jirgin yaƙin Suwidin ke riƙewa tun 1995 ita da wani ƙarfe da ake kira VG10 ake yin ta, ba ta saurin tsatsa kuma tana riƙe kaifi, amma ranar da ta dakushe za ka sha wuya a dutsen bakin rafi.

Malama Mai Abinci: Ni abin da ya ci min kuɗi daban ne. Na saya wa ƙanena wata mai rami a ƙota da ashana da kamfas na nuna gabas da yamma a ciki, an ce min ta waje ce, rana ta biyu yana sare reshe ruwan wuƙar ya fita ya bar shi da ƙota a hannu, Allah ne ya tsare ƙafarsa. Da muka duba ashe ɗan ƙaramin noti ne kawai ya riƙe su. Na ji zafin abin sosai don yaron kiwo yake zuwa shi kaɗai.

Mai Tara Wuƙa: Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. Jabu ce ta cika kasuwa, har tambarin manyan kamfanoni suke bugawa. In kin ga F1 a kuɗin Mora ki ajiye musu kayansu.

Mafarauci: Na yarda da maganar gashi da tsomawa, Ɗan Maƙera ka fi ni sani a nan. Amma dala 200 dai ban sauka ba. Hajiya ki kai yaron wajen maƙerin da mahautan garinku ke zuwa, ki ce ƙarfen ya zarce har gindi a sa ƙusa uku a ƙota, a gwada ta a busasshen ice a gabanki kafin ki biya, a ɗinka masa kube mai kauri.