Neman shawara: wane littafin jagora zan riƙe don tuƙa kwale-kwale a Kogin Yukon?

Ɗan Yauri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Karatu ya kawo ni Kanada, kuma ni da abokina mun ƙudurta tuƙa kwale-kwale daga Whitehorse zuwa Dawson a watan Yuli, wajen kilomita 715. A bakin Kwara na tashi, filafili ba baƙona ba ne, amma wannan ruwan ban san halinsa ba. In sayi littafi, ko taswirar waya ta wadatar?

Yaya na Whitehorse: Wa alaikumus salam ƙanena. Waya kam cire ta daga lissafi, kana barin gari sabis ya ɗauke. Nemi littafin da ya zana kogin kwana bayan kwana, shafi bayan shafi, da tsibirai da wuraren kafa tanti. Masu ba da hayar kwale-kwale a nan suna sayarwa. Ka sa shi a jakar roba yana gabanka kana tuƙi.

Kafin ka biya kuɗi, buɗe wuri biyu. Tafkin Laberge da kogin ke ratsawa, tsawonsa kusan kilomita 50, iska kan taso da rana tsaka, ruwan kuma sanyi kamar ƙanƙara. Littafin kirki zai ce ka bi gaɓa, kada ka yanki tsakiya. Sai Five Finger, bayan Carmacks, inda duwatsu suka raba ruwa: hannun dama ake bi. In bai yi bayanin waɗannan dalla-dalla ba, ajiye shi.

Ɗan Yauri: Tafkin nan ya fara ba ni tsoro, Yaya.

Yaya na Whitehorse: To ku faro daga Johnson's Crossing ta Kogin Teslin, za ku faɗo Yukon a Hootalinqua, tafkin yana bayanku. Amma sai ka nemi littafin da ya haɗa da Teslin.

Anti daga Edmonton: Ɗana, duba shekarar bugu. Yashi na sauya wuri, gobarar daji kan cinye masauki. Daga inda Kogin White ya shigo, ruwan laka ne, ku ɗebi na sha a ƙananan rafuka ku tace. Abinci nesa da tanti saboda beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, rigar ceto kuma kada ta bar jikinka. Don Allah ku yi hayar na'urar sadarwa ta tauraron ɗan Adam.

Malam: A Yuli dare ba ya yin duhu sosai a can. Ka biya masallacin Whitehorse ka tambayi yadda suke lissafin Isha da Asuba kafin ku tashi.

Ɗan Yauri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Teslin za mu bi, in sha Allahu.