Aikin rukuni a ajin Turanci: abin da malamai suka gwada

Malamin Turanci daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Shekara 9 ke nan ina koyarwa a babbar sakandare, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibin da zai kwafe allo tsaf babu kuskure, amma da zarar na tsayar da shi ya faɗi jimla ɗaya da bakinsa, sai ya sunkuyar da kai. Ina roƙon wanda ya gwada wata dabara ya gaya mana yadda ta kaya a ajinsa.

Malama daga Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni da abin da yaran suka sani na fara. Na raba ajina shida shida, na ce kowane rukuni ma'aikatan gidan rediyo ne da aka tura bakin kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi: wannan ɗan jarida, wannan Sarkin Ruwa, wannan masunci, sauran kuma su rubuta abin da aka faɗa. Gwangwanin madara muka ɗaura a kan kara ya zama abin magana. Wani yaro ɗan masunta, wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba, shi ne ya zo da homa da gora daga gida, ya tsaya yana bayanin yadda ake kifa ciki a kan gora a bi ruwa. Turancinsa ya yi ta karyewa, amma ban katse shi ba, domin a ganina gyara a wannan lokaci kashe masa gwiwa ne. Washegari na rubuta kurakuran a allo ba tare da ambaton sunan kowa ba, muka gyara tare, sannan kowa ya mayar da hirar rahoto a rubuce, tunda WAEC, hukumar shirya jarrabawar kammala sakandare, tana neman insha'i mai kimanin kalmomi 450.

Malami daga Ƙaura Namoda:
Allah ya saka da alheri, Malama. Tawa dabarar ta furuci ce. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", shi ya sa "pan" da "fan" ko "pill" da "fill" suke zama abu ɗaya a bakin yaranmu, kuma hakan yana cin su a jarrabawar furuci. Nakan zaunar da su biyu biyu, kowa da 'yar takarda a gaban leɓensa. In an haɗe leɓɓa aka saki "p" daidai, takardar takan yi tsalle. In "f" ce, sai dai ta ɗan karkata. Abokin zama shi ne alƙali.

Malama daga Gusau:
Malamai, ya kamata a faɗi inda ake tuntuɓe. Karon farko na yi rukunin mutum goma goma, sai biyu suka yi aikin, takwas suka koma hira da Hausa, minti 40 suka tafi a banza, ga bencina masu nauyi da ba sa juyuwa. Na koma huɗu huɗu, ɗaliban benci na gaba su waiwayo kawai, kuma na ba kowa lamba daga 1 zuwa 4, ba wanda ya san lambar da zan kira ta yi bayani. A darasin taƙaita labari, nakan yanka shafin da almakashi sakin layi sakin layi, su jera shi daidai, sannan su fitar da jimla ɗaya daga kowanne. Gardamar da suke yi kan wane yanki ne ya riga wani ta fi bayanina amfani.

Malamin Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan fara da yankan takardar a aji biyar. Malama ta Gusau, shafi nawa kike bugawa wa aji mai ɗalibai 80?