Ciwon gindin babban yatsa da wuyan hannu: abin da masu duba shi ke gani

Likitan gashin ƙashi, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Ina son mu tattauna ciwon nan da ke kama gefen wuyan hannu, daidai ƙashin da ya ɗan turo a ƙasan babban yatsa. A asibiti ana ce masa De Quervain, sunan likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan da ya bayyana shi a 1895. Jijiyoyi biyu ne, irin masu haɗa tsoka da ƙashi, ke ɗaga babban yatsa suna buɗe shi. Dukansu suna bi ta wata 'yar matsattsiyar hanya, kamar zariya a gidanta. In aiki ya yi yawa sai gidan ya yi kauri, ya matse, jijiya ta riƙa gogar bango duk motsi. Ba targaɗe ba ne, ƙashi kuma lafiyarsa lau. Gwajinsa: lanƙwasa babban yatsa cikin tafi, rufe shi da sauran huɗun, sannan ka karkata hannun a hankali wajen ƙaramin yatsa. In zafi ya soke ka a kan ƙashin nan, alama ce mai ƙarfi.

Ungozoma, Argungu: Wa alaikumus salam, Likita. Masu jego ne suka fi zuwa da shi, kuma ɗaukar jariri ce sila. Uwa kan zura hannuwa a hammatarsa, babban yatsa a buɗe a kan ƙirjinsa, ta ɗaga, kuma sau nawa ke nan a yini? Ga matse tsumma, ga tallafe kansa wajen shayarwa, wuyan hannu a lanƙwashe. Gyaran shi ne hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunansa, ɗaya a bayansa, yatsu biyar a haɗe, tafi na kallon sama. Wajen ba da mama ta sa matashi a cinya, nauyin ya sauka a kansa. Wanki kuwa, don Allah dangi su karɓe mata matsa, ko na mako huɗu ne.

Likitan gashin ƙashi, Birnin Kebbi: Haka ne, Hajiya. Masu yankan shinkafa da lauje, masu daka, masu kitso da teloli masu riƙon almakashi duk hanya ɗaya ce. Maganin farko hana yatsan motsi. Inda ake kuskure shi ne a naɗe wuyan hannu da bandeji a bar babban yatsa yana yawo, alhali shi ke jan jijiyar. Maɗaurin da ya dace mai tauri ne, ya taso daga tsakiyar sangalin hannu, ya riƙe wuyan hannu a miƙe, ya rungumi yatsan, gaɓar ƙarshe kaɗai a sake. Mako huɗu zuwa shida, har da dare, ana cirewa don wanka da alwala. Ƙanƙara a cikin ƙyalle, minti 10 zuwa 15, sau uku a yini.

Mai kemis, Jega: Man diclofenac na shafawa yana rage zafi. Ibuprofen 400mg bayan cin abinci, kada ya wuce sau uku a yini, kada a zarce kwana goma ba tare da ganin likita ba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi. Kuma kada a haɗa ƙwayar diclofenac da ibuprofen, dangi ɗaya ne, ciki ne zai sha wahala.

Ma'aikaciyar jinya, Yawuri: Abin da ke ci mini rai, Malam, shi ne a kai hannun wajen mai ɗori ya ja yatsan da ƙarfi, ko a yi tsaga. Ja da murza ƙara kumbura gidan suke yi, tsaga kuma ta kawo ruɓa. Amma wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi kafin ciwon ya fara, ya je hoto, domin akwai ɗan ƙaramin ƙashi a wurin da kan tsage a ɓoye. In kuwa yatsu ke mutuwa da dare suna suka kamar allura, wannan wata cuta ce daban.

Likitan ƙashi, Birnin Kebbi: In maɗauri bai yi ba, sai allurar steroid, wato maganin rage kumburi, a cikin gidan jijiyar, kuma tana warkar da mafi yawa. A faɗa wa majiyyaci tun farko cewa fatar wurin kan iya yin fari na watanni, abin da ya fi fitowa a baƙar fata, mai ciwon suga kuma sugansa kan hau na 'yan kwanaki. Wani lokaci allura kan gaza saboda wasu an halicce su da siririn bango tsakanin jijiyoyin biyu, magani ya shiga ɗaki ɗaya ya bar ɗayan. In allura biyu ba su yi ba, ana ɗan ƙaramin aiki a buɗe rufin gidan. Wurin kawai ake kashewa, a koma gida ranar, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14.